Jirgin Baba Ba Ya Wuce Tasha

Ni malamar firamare ce, kuma rabin aikina ƙwace kayan wasa ne daga hannun yara in zuba a aljihun tebur, in ce sai an tashi. Sai in dawo gida da rana, ƙafafuna kamar na aro, in tarar da mahaifina, mutum mai furfura har a gira, durƙushe a tsakiyar falo yana hure ƙura daga jikin jirgin ƙasa na roba. Shi kuwa babu aljihun teburin da zan zuba nasa.

Baba ya ƙarar da ƙarfinsa ne a kamfanin buga kwanon rufi, a gaban injin da ke datse ƙarfe. Injin ya bar masa yatsunsa goma cif, ya tafi da kunnuwansa. Ba wai ba ya ji gaba ɗaya ba. In ka tsaya a gabansa ka ɗaga murya, yana kallon bakinka, zai kama rabi. In ka juya baya kuwa, gara ka yi magana da bango. Mun taɓa saya masa na'urar ƙara ji, ya sa ta kwana biyu ya cire, wai tana sa shi jin ƙarar taunarsa. Murya ɗaya ce tak take shiga kunnensa ba tare da wahala ba, ta Umma, mahaifiyata, domin a lokacin in ta kira sunanka daga kicin, maƙwabta ma sai sun waiwayo.

Yayana ne ya jawo mana. Yana aiki a wani gari mai nisa, ya zo hutu da yaransa, ya zo musu da kwalin 'yan bulon roba kala-kala, irin masu ƙananan ƙulu-ƙulu a kai da ake dannawa su kama juna. A ciki har da jirgin ƙasa da layin dogonsa. Yaran suka yi wasa da shi yini guda, suka koma kan waya, da za su tafi suka bar shi a bayan kujera. Baba, wanda tun da ya bar aiki ba ya komai sai zama a bakin ƙofa yana kallon titi, shi ya tsince shi. Da Umma ta gan shi yana haɗa bulo da yatsunsa masu kaushi, sai ta ce, "Ku ƙyale shi. Gara wannan da zaman tagumi." Ni ma na ce haka ne. Da na san abin da ke tafe, da a ranar na kai kwalin bola.

Cikin ɗan lokaci Baba ya zama ɗan gari a kasuwar gwanjo. Ya san duk mai buhun tsofaffin kayan wasa, su ma sun san shi, har suna ce masa Mai Jirgi. Ya dawo da leda cike, ya juye a bahon wankina, ya wanke da sabulun wanke-wanke, ya tsane a kwandon da nake tsane kayan miya, ya shanya a kan zanen gadona. Wanda bai taɓa taka bulon nan da ƙafa ba takalmi da sassafe ba, bai san cewa abu ƙarami kamar ƙwayar dabino zai iya sa babbar mace ta manta tarbiyyarta ba. Ni na sani, kuma tafin ƙafata shaida ne.

Ba a nan gizo yake saƙa ba, sai da aka zo maganar wuta. Jirgin farko da batir yake tafiya, kuma cin batir yake kamar an aiko shi. Rimot ya daina aiki. Tocila ta mutu. Agogon bangonmu ya yi mako guda yana rantsuwa cewa ƙarfe huɗu ne. Ita kanta na'urar kunnen da muka saya, daga baya na ga ɗan batirinta a cikin fitilar wani ginin bulo da ya yi. Da na yi magana, sai Baba ya ce ai dama yana neman mafita, kuma ya samu. A gwanjo ya samo tsohon dogo mai siririn ƙarfe a samansa, wanda wuta ke bi ta ciki ta shiga tayoyin jirgi, da wata 'yar taransifoma mai abin murɗawa. Ka murɗa dama jirgi ya tafi, ka murɗa hagu ya dawo da baya.

Na ɗauka an huta, ashe yanzu aka fara. In layi ya yi nisa da taransifoma, wuta tana raguwa a kowace mahaɗa, jirgi ya riƙa jan ciki kamar mai ciwon baya. Sai Baba ya koyi liƙa waya da dalma a ƙarƙashin dogo, gidan ya cika da wari. In aka ɗauke wuta, akwai batirin babur da ya ajiye a ƙarƙashin tebur, ya sauya waya biyu, harka ta ci gaba, mu muna fifita da kwali, jirgi yana yawo da fitila. Kullum da safe kuma sai ya bi dogon nan kaf yana goge shi da sifirit, domin ko ɗan maiƙon yatsa ya taɓa ƙarfen, wai wuta ba za ta kama sosai ba. Tsumman gogewar daga ɗankwalina ya yanko shi. Shi ya zauna shi kaɗai ya yanke hukuncin cewa ɗankwalin ya tsufa.

Da ƙyar na kore shi daga falo ya koma sito, ɗan ɗakin da ke can ƙarshen lungun da ya ratsa gidanmu, kusa da ɗakina. Ya kafa tebur, ya rufe ƙofa, muka samu wurin ajiye ƙafa.

Ana nan sai Umma ta faɗi a kicin. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta dawo daga asibiti da hannun hagu kaɗai mai aiki, muryar nan kuma da ke ratsa bango ta koma kamar raɗa. Ranar da na ga tana motsa baki tana kiran Baba, shi kuwa yana tsaye a gefen gadon ya juya yana gyara labule bai sani ba, sai da na fita waje na yi kuka.

To ga matsalar da ta hana ni sukuni. Ni dole in fita da safe, ba na dawowa sai bayan an tashi makaranta. A gida in bar mutum biyu, ɗaya ba ta iya kira, ɗaya ba ya iya ji. Ƙarfi kam Baba yana da shi. Shi yake ɗaga ta, ya juya ta, ya kai ta banɗaki, ya ba ta ruwa a baki, kuma bai taɓa yamutsa fuska ba. Amma ba zai yini a zaune a gabanta ba, ita ma ba ta so, domin zuba mata ido yake yi, ko tari ta yi sai ya ce, "Me kika ce?" har ta gaji ta nuna masa ƙofa.

Na sayo ƙararrawa. Umma ta kaɗa har hannunta ya gaji. Mai guga, wanda rumfarsa ke ƙarƙashin tagarta ta waje, shi ya ji ya leƙo yana tambaya ko lafiya, Baba kuwa yana sito ko a jikinsa. Na sa wa wayarsa girgiza, ya riƙa mantawa da ita a aljihun rigar jiya. Na ɗaura igiya daga gadonta zuwa ƙafarsa, ya tashi ya manta, saura kaɗan ya jawo gadon da matar da ke kai. Na ce a ɗauko mai kula da ita, Umma ta ce baƙuwa ba za ta taɓa jikinta ba, Baba kuma ya yi fushi, wai an mayar da shi ba kowa ba. Abin da na iya kawai shi ne na bar wa mai guga makullin gida, na roƙe shi ya riƙa sa kunne.

Wata rana na dawo na tarar da garin katako a ƙasa. Baba ya sa zarto ya yanke gindin ƙofar ɗakin Umma, ya yanke na ƙofar sito, kowacce ya yi mata rami daidai wucewar kyanwa. Ƙofofin mai gidan da muke haya ne, ba na ubanmu ba. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna ya ja ni. Dogo ya taso daga gefen gadon Umma, ya bi gindin bango tsawon lungu, ya shiga sito, ya hau wani gangare a hankali har kan teburinsa. A jikin gadon, daidai hannunta na hagu, ya ɗaure wani ƙaton madanni da ya ciro daga mataccen injin wanki.

"Danna," ya ce mata, da irin muryarsa ta wanda ba ya jin kansa.

Ta danna. Jirgi ya kunna fitila ya fice ta ramin ƙofa. Muka bi shi da gudu, ni da Baba, muka same shi ya hau tebur ya tsaya daidai inda hancin Baba yake in yana aiki. Ya murɗa taransifoma hagu, jirgi ya koma da baya.

"In ya zo, na gani," in ji shi. "Sai in mayar mata, ta san na gani, sannan in taso."

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi aiki. Makon nan na je makaranta da zuciya a kwance, har na yafe wa wani yaro motar robarsa. Da mai gidan ya zo ya ga ƙofofinsa, ni na tsaya na sha faɗan, ban ma ji zafi ba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Da farko dai layin ya gitta ƙofar kicin, saboda haka Baba ya gina gada mai ɗagawa a wurin. Duk shigar da zan yi sai na sunkuya na ɗaga, duk fitowa sai na mayar, ko da tire ne a hannuna, domin in aka bar ta a buɗe jirgi ba zai wuce ba. Na haƙura da wannan. Sai wata safiya ina tsaye a lungu na ga Umma ta turo jirgi, ya taho tiryan-tiryan, ya zo daidai ƙofar banɗaki ya tsaya cak. A wurin akwai sabon gini mai jan rufi, da benci, da 'yan mutanen roba uku a tsaye. Na ɗauka lalacewa ya yi. Ina shirin tura shi da ƙafa sai ya ci gaba da kansa.

Na shiga sito na tsaya a gabansa. "Baba, me ya sa jirgin ya tsaya a hanya?"

"Eh?"

Na ɗaga murya. "Na ce me ya sa ya tsaya!"

"Tasha ce," ya ce, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Ya nuna mini agogon injin wanki, wanda ya rage daga injin da ya cire wa madanni. Ya haɗa shi da layin ta yadda in jirgi ya iso tasha wuta za ta yanke na ɗan lokaci, sannan ta dawo.

"To wa zai hau?"

"Ba ki ga mutane ba?"

"Baba, na roba ne!"

"Jirgi ba ya wuce tasha," in ji shi. "In ya wuce, ba jirgi ba ne, motar haya ce."

Wannan fa mutum ne da sau ɗaya ya taɓa shiga jirgin ƙasa a rayuwarsa, tun yana saurayi, shi ma a tsaye ya yi tafiyar. Amma in ka ji yana kafa doka, sai ka rantse a tasha aka yanke masa cibiya.

Kafin wata ya ƙare tasha ta zama biyu, ta biyun har da tankin ruwa da fitilar da ke kamawa in jirgi ya shigo. Sannan ta zama uku. Tafiyar da a da kafin ka gyara zama an gama ta, ta koma sai ka ɗora ruwan shayi ya fara huci jirgi bai isa ba. Ina makaranta ina rubutu a allo, hankalina yana lungun gidanmu, ina ganin Umma ta ƙware da ruwa tana neman numfashi, jirgi kuwa yana tsaye a tasha ta biyu yana jiran ɗan roba mai jaka ya hau.

Na zaunar da shi na faɗa masa haka, a hankali, ina buɗe baki sosai don ya gani. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ai ta san lokacin jirgi. Sai ta riƙa turo shi da wuri."

Ban san lokacin da na tashi na fita ba. Da ɗalibina ne ya ba ni wannan amsar, da ya yini a durƙushe.

Na je wajen Umma neman goyon baya, na ga tana dariya da rabin bakinta. Na kai kunnena kusa. "Ƙyale shi," ta ce. "Ina jin sa. Ya tsaya, ya tashi. Ya tsaya, ya tashi. Yana ɗebe mini kewa." Ashe ita ma wani lokacin haka kawai take turawa, ba ta son komai, don ta ji tafiyarsa da dawowarsa, sannan ta ga tsohon ya shigo yana goge hannu yana tambayar me ake so. Su biyu sun haɗe mini kai. Na kira Yaya a waya na zazzage masa komai, ya yi ta dariya har da tari, ya ce zai yi wa Baba magana. Bayan mako biyu saƙo ya iso daga wajensa. Ƙarin dogo ne, da 'yan mutanen roba.

Ranar na tsaya a gaban Baba na ce, "Da zarar an ba mu hutu, da hannuna zan kwashe tashoshin nan in zuba a buhu. Layi zai koma yadda yake."

Ya dubi bakina da kyau, ya ce, "Eh?" Na san ya ji. Amfanin kurumtar Baba kenan, ba ka taɓa sanin wadda ta gaske da wadda ta kunnen uwar shegu ba.

Hutun bai zo ba. Wata safiya ina tsakiyar darasi wayata ta yi ta girgiza a jaka, na duba na ga mai guga ne. Ban tuna yadda na fita daga aji ba. Abin da ya faru, daga baya na haɗa shi daga bakin mai guga da raɗar Umma.

Baba ya ɗora kujera a kan benci, ya hau, don ya sauko da wani kwali daga saman kabad ɗin sito. Bulon tasha ta huɗu ne a ciki, ya ɓoye a can don kada in gani. Kujera ta goce. Ya faɗo, kansa ya daki gefen tebur, ƙashin ƙugunsa ya karye, ya suma a wurin. Umma ta ji ƙara, amma ƙara daga sito ba sabon abu ba ne, kullum sai wani abu ya faɗi. Duk da haka ta danna madanni. Ta kwanta tana sauraro. Jirgi ya tsaya a tasha ta farko, ya tashi. Ya tsaya a ta biyu, ya tashi. Ya tsaya a ta uku, ya tashi, ya shige sito. Sai shiru.

A duk watannin nan Baba bai taɓa barin jirgi ya zauna a kan teburinsa ba. Ko dalma ce a hannunsa, ko loma ce a bakinsa, sai ya fara murɗawa ya mayar. Umma ta jira, ba ta ji ƙarar tayoyi ba. Sai ta miƙa hannun hagu ta ɗauki kofin silba, ta shiga dukan ƙarafan taga da shi, ta yi ta duka har kofin ya lotse, har mai guga ya ajiye dutsen guga ya leƙo. Ya kai kunne jikin taga, ta ce, "Jirgi bai dawo ba." Shi kuwa ya san haukan gidanmu ciki da waje, bai tsaya tambaya ba, ya ɗauki makulli ya zagayo da gudu.

A asibiti na zauna a benci cike da tsoro, har likita ya fito ya ce kan da sauƙi, ƙugun ne za a yi wa aiki, amma zai tashi. Yana faɗar haka tsoron ya sauka, haushi ya hau kujerarsa. Da aka bar ni na shiga, na tarar da Baba an naɗe masa kai, ya buɗe ido ya gan ni. Na matso ina jiran ya tambayi Umma.

"An kashe taransifoma?" ya ce. "In aka bar ta a kunne zafi take yi."

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya don faɗa ba, sai don ya ji. Ranar na haɗa biyun. Na ce, "Baba, kana kwance jini yana zuba, ita tana kwance tana sauraron jirginka yana tsayawa yana ɗaukar mutanen roba. Tasha uku, Baba. Da ita ce ta ƙware fa? Da wa za ka ce ya turo da wuri?" Wata nas ta leƙo ta ce in rage murya, akwai marasa lafiya. Na ce mata in na rage, wanda nake yi dominsa ba zai ji ba.

Baba ya kalli bakina har na gama. Wannan karon bai ce "Eh?" ba. Ya juya fuskarsa bango, ni kuwa na fita.

Da aka sallame shi sai muka sa masa gado a ɗakin Umma, kusa da nata. Likita ya ce a hankali zai riƙa takawa da ƙarfen dogarawa, amma ɗaga mutum kam ya yi bankwana da shi. Umma da bakinta ta ce a kawo mai kula da su, aka samu wata dattijuwa mai haƙuri da ke zuwa da safe ta tafi in na dawo. Baba ya yi shiru sosai a kwanakin nan. Ba ya tambayar sito, ba ya tambayar jirgi. Ƙura ta hau dogo. Na ce a raina, to, an rabu da alaƙaƙai. Na tanadi buhu biyu ina jiran ƙarshen mako, amma in faɗi gaskiya, shirun gidan bai yi mini daɗin da na zata ba.

Ranar Alhamis na dawo na tarar da garin katako a ƙasa. Na tsaya na rufe ido, na ce Allah ka ba ni haƙuri. Da na buɗe sai na ga mai guga durƙushe a lungu, da zarto a gefensa, Baba kuma yana ba shi umarni daga kan gado da muryar da ake ji har titi. Ƙofar ɗakina ce aka yanke wa gindi. Ƙofa ta uku kenan ta mai gida. Mai guga ya ɗago yana sosa ƙeya, ya ce, "Malama, wallahi shi ya ce kin yarda."

Na wuce ɗakin su Umma rai a ɓace, na tsaya a gaban gadon Baba. "Baba, ni fa ba kurma ba ce. Ina ji."

"Ke kina ji," ya ce. "Ita ce ba ta da murya."

"To ai ga ka kusa da ita. Sai ka ƙwala mini kira."

"In barci ya ɗauke ni fa? In na juya baya? Ko a kunnena ta yi magana ba ji nake ba, kin sani."

Na leƙa lungu, sai a lokacin na lura da abin da ya sa ya yi faɗi. Babu jan rufi a ƙofar banɗaki, babu tankin ruwa, babu benci. Dogo ne kawai miƙe, daga gadon Umma har ɗakina, sai gadar kicin. A ƙarƙashin gadonsa na hango kwali, an wargaza tashoshin an zuba a ciki, 'yan mutanen roba a sama, agogon injin wanki a gefe da wayoyinsa a yanke.

"Ina tashoshin?" na ce.

"Wannan layin ba ya tsayawa ko'ina."

"Ba ka ce in jirgi ya wuce tasha motar haya ba ne?"

Bai yi dariya ba. Ya dubi hannuwansa, waɗanda suka yi watanni suna ɗaga Umma, ya ce, "A da wajena jirgin yake zuwa. Yanzu ko ya zo, ba abin da zan iya yi mata." Sannan ya ɗago. "An kai miki taransifoma da batirin. In ya zo, ki fara mayar da shi kafin ki taso. Kar ki bar ta tana sauraro."

Umma tana kallon silin, hawaye yana bin gefen idonta na hagu. Ni kuwa na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan ajiye shi. Tausayinsa ya kama ni, na juya na ce wa mai guga ya share garin katakon nan kafin wani ya zame.

Yanzu ni ce nake durƙusawa kullum da safe kafin in tafi makaranta, da kwalbar sifirit da tsumma, ina bin dogo. Tsumman daga wani ɗankwalin nawa ne, wannan karon ni na yanka. Baba yana kan gado yana leƙe ta ƙofa, yana ƙwala mini cewa na tsallake mahaɗa, in koma. Har yanzu ina ɗaga gadar kicin da tire a hannu ina mita, har yanzu ina taka bulo, domin ya fara gina wani abu a kan faranti a cinyarsa, ya ce ba tasha ba ce, ni kuwa in gani a ƙasa. Mai gida ya ce in muka tashi sai mun canza masa ƙofa uku.

Jiya da yamma ina duba littattafan yara jirgi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa da fitilarsa, ya daki ƙafar teburina. Na murɗa hagu tukuna, sannan na tashi na bi bayansa. Na tarar da Baba yana barci baki buɗe. Na sunkuya na ce, "Umma, me kike so?"

"Ba komai," ta ce. "Gani nake ko zai dawo."